Yankan Bakin Tafkin Manalturai

Shekara ashirin da shida Adambawa ya yi yana rataye da jakar gwamnati a ƙauyukan nan biyu, Wayalur da Manalturai, kuma a cikinsu babu daminar da ta zo ta wuce ba a zage shi ba. Shi ne Ji-Es, wato ƙaramin jami'in da gwamnatin Sri Lanka take ajiyewa a ƙauye. In an haihu shi ne, in an mutu shi ne, in sunan wani ya ɓace a rajistar zaɓe ƙofarsa ake bugawa. Duk wannan bai taɓa damunsa ba. Abin da ya sa masa furfura tun kafin lokacinta shi ne tafki.

Tafkin yana kwance tsakanin ƙauyukan biyu, ga faɗi babu zurfi, kuma abin da ya raba shi da teku wani siririn tudun yashi ne da kowa yake kira Baki. In ruwan ƙarshen shekara ya sauko, koguna suka kwaso na kan duwatsu suka juye a ciki, sai tafkin ya cika ya rasa mafita, ya juya ya hau gonakin shinkafar Wayalur. Nan manoma za su ce a yanke Baki ruwa ya tafi teku. Masuntan Manalturai kuwa su ce ko kusa, domin a daidai lokacin jatan lande bai wuce tsinken ashana ba, in an yanke da wuri duk ya bi ruwa, shekararsu ta tafi ke nan. Don a raba gardama, tun zamanin iyaye gwamnati ta kafa wani turken siminti a gindin gada, ta zana masa jan fenti. In ruwa ya taɓa ja, a rubuta wa babban gari a turo katafila ta yanke. In bai taɓa ba, kowa ya kama bakinsa.

Da Adambawa baƙo ne, da abin ya zo masa da sauƙi. To, ɗan Manalturai ne, a cikin ƙarnin kifi aka haife shi, kuma yayansa Kalandar shi ne shugaban ƙungiyar masunta. Sannan ya yi aure a Wayalur, ya tare a gidan matarsa kamar yadda kowane namiji yake yi a yankin, ƙanin matar kuma, Sini Muhammadu, shi ne bakin manoma. Masunta suna cewa shinkafar surukai ta toshe masa baki. Manoma suna cewa ɗan kifi, ko an sa masa dogon wando, ɗan kifi ne.

A shekarar da saura masa wata goma sha ɗaya ya ajiye aiki, ruwa ya yi kwana tara bai ɗauke ba. Ranar Laraba da safe yana zaune a baranda da kofin baƙin shayi, ya ɗora ƙafar da take masa ciwo a kan kujera, sai ga Sini ya turo ƙofar shinge, mutum biyar a bayansa, duk zannuwansu a naɗe zuwa gwiwa.

"Maccan, an tashi lafiya?" in ji Sini, da sunan da suruki yake kiran suruki. Bai jira amsa ba ya jefa masa wani curin shinkafa a gabansa. Ganyen ya yi ɗorawa, ya fara yauƙi. "Ka ga wannan?"

"Na gani."

"Kwana biyu ke nan tana ƙarƙashin ruwa. Ka sani na sani, in ta kai shida sai dai a kora shanu su ci."

"Ruwa bai taɓa ja ba, Sini."

"Yatsa nawa ya rage?"

"Jiya huɗu."

"To yau da sassafe na je, huɗun nan ne dai. Ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, gonata tana nutsewa, turkenku yana tsaye yana cewa huɗu. Ko dai 'yan'uwanka sun ɗaga shi ne?"

"Turken siminti? Da me za su ɗaga shi, da ƙugiya?"

Wani daga baya ya yi dariya, Sini ya juya ya harare shi. Kadisumma, matar Adambawa, ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu.

"Sini, ka bar mutum ya sha shayinsa mana. Gwamnati ma ai sai ta karya kumallo."

Suka fita suna ƙunƙuni. Amma da ta zo ɗaukar kofi sai ta tsaya a kansa, ta rage murya.

"Baban Rizna, ni ban ce ku yi abin da ba daidai ba. Tuni kawai nake yi muku, eka biyun da Umma ta bar mini suna cikin ruwan nan."

Adambawa ya miƙa mata kofin. Ya fi kowa sanin dalilin da ya sa turke yake cewa huɗu. Ba wanda ya taɓa shi. Ranar da aka kafa shi, gonaki suna can nesa a kan tudu. A hankali aka yi ta saukowa, wannan ya ci taku goma, wancan gwamnati da kanta ta yanka masa fili a cinyar tafki, har gonaki suka zo suka zauna a inda ruwa yake kwana. Yanzu kafin ruwa ya hau turke da yatsa ɗaya ya riga ya shanye eka ɗari. Sau bakwai yana rubuta wannan magana zuwa babban gari. Sau biyu aka amsa masa, duka biyun cewa aka yi an karɓi takardarsa.

Ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya naɗe takardu a leda, ya tari bas, domin babur ba zai iya ratsa ruwan da ya hau kwalta ba. Tafiyar awa ɗaya ta ci uku.

A ofishin ban-ruwa akawu ya saurare shi har ƙarshe, yana kaɗa kai kamar mai tausayi.

"Ji-Es, mu turke muka sani. Turke ya ce ja?"

"Bai ce ba."

"To ka gani."

A ofishin kamun kifi wani mai ƙaton tumbi ya ba shi kujera, har ya aika aka kawo masa shayi.

"Ai mu ba ma ba da izinin yanka," in ji shi. "Mu hanawa kawai muke yi. In kana son a hana, yanzu-yanzu sai in sa maka hannu."

A ofishin sakataren yanki aka ce yallaɓai ya tafi duba waɗanda ambaliya ta kora zuwa makarantu, kuma ko yana nan ba ya yanke wannan hukunci shi kaɗai, sai an zauna da ban-ruwa da kamun kifi da noma da 'yan sanda. Adambawa ya fito ya zauna a benci a baranda, ya kwance ledarsa ya sake ɗaurewa. Bai ji haushi ba. Da can yakan ji. Yanzu gajiya ce kawai take sauko masa daga wuya zuwa kafaɗu, kamar an ɗora masa jiƙaƙƙen buhu.

"Kai ne na Manalturai?"

Wata yarinya ce tsaye a gabansa, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa Rizna ba, ta rungume naɗaɗɗun taswirori. Da Tamil, yaren mutanen yankin, ta yi maganar, amma Tamil ɗin littafi, mai ɗingishi. Ya amsa mata da yarenta, Sinhala, don ya sauƙaƙa mata, sai fuskarta ta saki. Ta ce sunanta Wijekon, sabuwar injiniya ce a ofishin ban-ruwa, watanta biyu da zuwa daga can kan duwatsu inda ake noman shayi.

"Na ji abin da ka faɗa wa akawu. Na kuma ga takardunka a fayil, na karanta duka bakwai ɗin."

"Allah Sarki. Ashe suna nan."

"Gobe zan zo in gani da idona."

Ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa mai alkawarin da ba a sa rai da shi ba. Ga mamakinsa, ranar Alhamis da hantsi sai ga ta a gindin gada da takalmin ruwa har gwiwa. Ta auna turke, ta shiga gonaki ruwa yana kai mata cinya, ta shimfiɗa tsohuwar taswira a kan bonet ɗin motarta ta kwatanta da abin da yake gabanta. Daga nan ta ce ya kai ta Baki.

A hanya suka iske Pubati. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, baƙa, bakinta jawur da ganyen da take tauna, kuma shekara hamsin tana sana'a guda: ta shiga tafki har wuya, ta dinga lalube da yatsu a cikin taɓo tana kamo jatan lande ɗaya-ɗaya, tana jefawa a tukunyar da take yawo a gefenta. Ba ta jin tsoron kowa, daga limamin masallaci har mai kula da ɗakin bautarsu, domin ita ba Musulma ba ce.

"Ji-Es! Sabuwar gwamnati ka kawo mana? Wannan ai jikata ce."

"Injiniya ce, Pubati. Ki yi magana a hankali."

"To tambaye ta. In an yanke Baki, ita za ta dinga kawo mini abinci har watan azuminku, ko kuwa surukanka?"

Injiniya ta dubi Adambawa. "Me ta ce?"

"Maraba take yi miki."

"Na ji kalmar abinci."

"Eh, to. Irin tata marabar ke nan."

Pubati ta tsoma hannu a tukunya, ta fito da guda uku ta shimfiɗa a tafinta. Ƙanana ne, ana ganin haske ta cikinsu. "Sati uku kawai," in ji ta, tana nuna yatsu uku don yarinyar ta gane ba sai an fassara ba. "Sati uku su zama kamar babban yatsana. Shi ke nan abin da muke roƙo."

A kan tudun yashi suka daɗe tsaye, tafki a hagu ya kumbura ya yi launin shayi da madara, teku a dama yana ta dukan gaɓa. Injiniya ta naɗe taswirarta.

"Gaskiyarka ne, turken nan ya daina faɗin gaskiya tun tuni. Yau zan rubuta a yanke."

"Kina da ikon turo katafila?"

"A'a. Shawara kawai nake rubutawa. Sai an zauna."

"Yaushe?"

Ta lissafa kwanakin, sai ya ga kunya ta kama ta. "Gobe farin wata zai cika, ranar hutun gwamnati ce. Ga kuma Asabar da Lahadi, ba aiki."

"Litinin ke nan."

"Litinin."

"Ranar Litinin," in ji Adambawa, "shinkafar nan kwananta bakwai."

Ranar Juma'a bai yi salla a Wayalur ba. Ya san in ya shiga masallacin can, kafin ya nemo takalmansa an kewaye shi. Ya zagaya ya yi a Manalturai, da aka sauko ya bi yayansa gida. Kalandar ya girme shi da shekara takwas, rana ta ƙone shi ya bushe kamar kifin da aka shanya. Ya zauna a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa ya jawo koma ya ci gaba da ɗinki, bai ko ɗaga kai ba.

"Tambi," in ji shi, da sunan da ake kiran ƙane, "in aiko ka suka yi, ka koma ka ce ba ka same ni ba."

"Ba wanda ya aiko ni, Yaya."

"Gobe za su zo da fartanyu, labari ya iso mu. Mu ma za mu je. Bara ɗan Ismalebbe sai da aka yi masa ɗinki tara a ka, ka tuna? Bana ban san ko na wa za a ɗinke ba."

"Shi ya sa na zo." Adambawa ya zauna a kan kifaffen bokiti. "Zamanin Baba, kafin a san katafila, a ina suke yankawa?"

Hannun Kalandar ya tsaya. "Me ya kawo wannan tambaya?"

"Ina tuna muna yara ana yankawa, kuma ba na tuna ana fashe-fashen kai."

Kalandar ya dubi ruwan da yake ɗiga daga bakin rumfa. Can ya ce, "Ba a tsakiya ba. Katafila tana yanka a tsakiya ne don nan hanya ta ƙare, direba ba ya son wahala. Tsakiya kuwa yashi ne zalla, kana buɗe kamu ɗaya kafin la'asar ya zama filin ƙwallo, tafki ya tsiyaye kamar an fasa tulu. Su Baba can kudu suke yi, gaban ƙaton itacen nan da tsawa ta raba. Akwai tsandauri a ƙarƙashin yashin wurin. Ruwa yana fita a hankali, a datse da koma a tare abin da za a tare, bayan kwana goma teku ya rufe abinsa."

"Da wane lokaci?"

"In teku ya janye. Gobe wajen ƙarfe goma." Ya koma kan ɗinkinsa. "Ni dai ban faɗa maka komai ba. In ka ce ni na faɗa, zan rantse ban san ka ba."

Ranar Asabar ruwa ya koma yayyafi. Adambawa ya iso Baki a makare, domin rabin hanyar da ƙafa ya yi ta, yana tafe yana hutawa. Ya tarar da manoma sun fi ɗari a gefe guda da fartanyu da shebura da kwanonin ɗiban ƙasa. Masunta sun yi layi a gabansu, kowa da sandar tuƙi. A tsakiya 'yan sanda biyu ne a ƙarƙashin lema guda, saje da wani kurtu. Sajen ya riga ya sanar, da Tamil ɗinsa mai karyayyen baya, cewa duk wanda ya fara sara yashin nan babu takarda, shi zai fara kamawa. Wannan ne ya riƙe manoma, ba sandunan ba. Kowa yana son a yanke, ba mai son ya zama na farko.

Bakunan mutane kuwa ba su huta ba.

"Ku da kuka shuka shinkafa a cikin tafki, me kuke so ta yi in ba iyo ba?"

"In ta ruɓe sai ku ci jatan landen da yashi, 'yan ƙarni!"

"Kai Sini, gonar ubanka a ina ta tsaya, taka a ina take yanzu? Saura kaɗan ka shuka a cikin kwalekwalena!"

Adambawa ya shiga tsakiya ya ɗaga hannu. Aka ɗan lafa. Ya faɗi maganar kudu da tsandauri da koma, kamar shi ya tuno ta da kansa, bai dubi inda Kalandar yake ba. Kafin ya rufe baki an taso masa ta ko'ina. Manoma suka ce dabara ce, a kai su inda ƙasa take da tauri su wuni suna haƙa a banza. Masunta suka ce yanka yanka ne, ko a kudu ko a gabas. Wani masunci ya ce ya sayar da garinsu. Wani manomi ya ce ai dama can na masunta ne.

Ya tsaya yana kallon bakunansu suna motsi. Fuskokin nan duk ya san su. Rabinsu shi ya rubuta ranar haihuwarsu, iyayen sauran shi ya rubuta ranar mutuwarsu. Ya nemi wata magana da zai ƙara bai samu ba, duk ya faɗe su a shekarun baya. Abin da yake so a ransa kawai shi ne a gama, ya je ya zauna.

Sai ya miƙa hannu ya zare fartanyar da take kafaɗar Sini.

"Maccan, me za ka yi?"

Adambawa ya saɓa fartanyar a kafaɗa. Ya juya ya nufi kudu, yana jan ƙafa a cikin jiƙaƙƙen yashi. Da farko ba wanda ya bi shi. Da suka ga da gaske yake, sai taron ya kwance, manoma da masunta suka cakuɗe suna bin bayansa, 'yan sanda suna ƙoƙarin cim musu da lemarsu. A gaban itacen da tsawa ta raba ya tsaya, ya ajiye jakarsa a kan saiwa, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga fartanya ya sara.

Saje ya iso yana haki. "Ji-Es, kana cikin hankalinka kuwa? Ka san abin da kake yi?"

"Na sani. Fito da littafinka ka rubuta. Adambawa. In ba ka iya rubuta shi ba kawo in rubuta maka."

Sajen ya dubi kurtunsa, kurtu ya dubi teku. Ba a taɓa koya musu yadda ake kama gwamnati ba. Ya fito da littafin ya rubuta sunan da lokaci, ya mayar aljihu, ya koma gefe.

Sara na huɗu numfashin Adambawa ya fara sarƙewa. Sai muryar Pubati ta ratsa taron.

"Wayyo ni! Ku dubi yadda yake riƙe fartanya kamar biro. Kai Sini, ba ka da kunya? Za ka tsaya mijin yayarka ya mutu a gabanka?"

Dariya ta ɓarke, har a cikin masunta. Sini ya zo ya karɓe fartanyar ba tare da ya dube shi ba. A nan ne Kalandar ya fito daga cikin mutanensa, fuska a murtuke, ya ture Sini gefe.

"Ba nan ba, shashasha. In za ku yi ɓarna ku yi ta daidai." Ya ja layi da diddigensa daga bakin tafki har zuwa inda teku ya janye, ya ja na biyu kamu huɗu daga na farko. "Kar wanda ya wuce nan. Ku kuma me kuke jira? Ku ɗauko komaye da turaku!"

Awa biyu ana haƙa. Adambawa yana zaune a kan saiwa yana kallo, rigarsa ta manne masa a baya. Da rana ta take tsaka aka fasa ɗan abin da ya rage. Ruwa ya fara bi siriri kamar na magudanar gida, har wasu suka fara tsaki. Sai gefen ramin ya fara zubewa, guntu-guntu, sannan gaba ɗaya. Kafin a yi sallar azahar ƙarar ruwan ta hana mutum jin na kusa da shi.

Tsandaurin yana nan, amma ba kamar yadda Kalandar ya san shi ba. Ko shekaru ne suka cinye shi, ko ruwan bana ne ya fi ƙarfinsa, Allah masani. Ya riƙe ta gefen kudu, ta arewa kuwa ya saki. Da la'asar kamu huɗu ya zama arba'in. Koma biyu suka tsinke suka tafi da turakunsu. Ruwan ya ci yashi har ya kai inda aka jere kwalekwale shida, aka yi ta ihu ana ja, aka tsira da huɗu, biyu suka juya sau ɗaya suka shige teku. Masu su suka tsaya hannu a ka. Ɗayansu ya juyo ya nuna Kalandar da yatsa, ya ce, "Kai ka ja layin nan. Da idona na gan ka."

Ranar Lahadi da yamma kunyoyin gonakin tudu suka fara fitowa. Waɗannan sun tsira. Na ƙasa kuwa, waɗanda suka fi daɗewa a ruwa, da aka je an tarar sun kwanta sun yi baƙi, wari ya cika fadama. Eka biyun Kadisumma suna cikinsu. Ta je ta gani da kanta, ta dawo ta wanke ƙafa ta hura wuta, ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi masa zagin ƙauyuka biyu nauyi. A Manalturai an cika kwanduna da jatan landen da komaye suka tare, amma ƙanana ne, ba mai saye. Aka shanya su a tabarmi don abincin kaji.

Ranar Litinin da hantsi katafila ta iso a kan babbar mota, da takarda mai hatimi uku. Direban ya sauko, ya dubi tekun da yake shiga yana fita ta inda ya kamata a ce yashi ne, ya tambaya ko akwai inda ake sayar da shayi.

Takardar tuhuma ta zo bayan kwana tara. Wannan kam ba ta yi jinkiri ba. Adambawa ya amsa ta a shafi ɗaya: shi ya zaɓi wurin, shi ya fara sara, ba wanda ya sa shi. Bai ambaci yayansa ba. Injiniya Wijekon ta rubuta shafi huɗu tana kare shi, ta haɗa da taswira. Daga baya ta kira shi a waya ta ce an kafa kwamiti da zai duba maganar sabon turke, an kuma sa ta a ciki.

"Madalla," in ji shi. "Ki riƙe kwafin duk abin da kika rubuta, 'yata. Za ki buƙace shi."

Ba a kore shi ba, albarkacin furfurarsa. An dai ce don a samu zaman lafiya a yankin, ya je ya ƙarasa watanninsa goma a Yanaikadu, wani ƙauye can ciki a bakin daji, tafiyar bas biyu da keke mai ƙafa uku. Ranar tafiya Kadisumma ta ɗaure masa shinkafa da miyar kwakwa a ganyen ayaba, ta ce ya dinga dafa ruwa kafin ya sha. Sini ya ɗaukar masa akwati har bakin titi, suka tsaya suna jiran bas kamar baƙin juna. Da bas ta tsaya ne ya ce, "Da ka yi tun ranar Laraba, Maccan, da duk ba a yi asarar nan ba." Kalandar bai zo ba. An ce tun ranar Asabar ɗin nan masunta suka sauke shi daga shugabanci, ko rumfar shayi ya daina fita.

Ofishin Yanaikadu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, jemagu sun riga shi tarewa. Washegari da safe yana cikin share teburi ya ji motsi a waje. Ya leƙa, ya ga mutum sun kai ashirin zaune a gindin tsamiya, maza da mata, sun yi jugum. Wani dattijo ya miƙe, ya sauke tawul ɗin kafaɗarsa don girmamawa, ya fara bayani da Sinhala. Giwaye ne. Sun karya shingen lantarki a wuri uku tun watan jiya, sun cinye masara, shekaranjiya sun rushe rumbun wata bazawara. Sun je wajen masu kula da namun daji an ce gyaran shinge na ƙungiyar ƙauye ne. Ƙungiya kuma ta ce ba a taɓa damƙa mata shi a rubuce ba.

"An ce mana kai ka daɗe a aikin, yallaɓai," in ji dattijon. "An ce ka san hanya."

Adambawa ya dubi jerin fuskokin, babu ko ɗaya da ya sani. Ya jingina tsintsiya a bango, ya kakkaɓe hannuwansa.

"To," ya ce. "Ku shigo ɗaya bayan ɗaya. Matar da aka rushe wa rumbu ta fara."